Allura Sau Uku a Rana

Duk wanda ya taɓa kwanciya a ɗakin maza na babban asibiti a wancan zamani ya san Sista Agogo, kuma in aka tambaye shi labarinta sai ya fara shafa mazaunansa kafin ya buɗe baki. Gajeriyar mace ce kakkaura, mai tafiya da sauri kamar an aiko ta, da wani ɗan agogo maƙale a ƙirjin farar rigarta. Agogon nan ne ya ja mata sunan. In lokacin allura ya yi, ko mutum yana tsakiyar cin abinci, ko 'yan dubiya sun zagaye gadonsa, ko barci ya fara ɗibarsa, sai ya ji ƙarar farantin ƙarfe a kan teburin gefensa, sannan muryarta ta biyo baya: "Malam, juya." Manyan magidanta masu gemu, waɗanda tarinsu kaɗai ke sa gida ya yi tsit, haka suke juyawa ba musu.

Ba da wannan zafin ta shigo aikin ba. Tana sabuwar nas aka kawo wani direban babbar mota wanda ƙafarsa ta ruɓe bayan haɗari. Aka rubuta masa jentamaisin, allurar kashe ƙwayoyin cuta, sau uku a rana, kamar yadda ake yi wa manya a lokacin. Ya fara samun sauƙi, har yana tsokanarta wai in ya warke zai koya mata tuƙi ta daina wahalar da takalmi. Sai aka ba ta hutun 'yan kwanaki. Waɗanda ta bar wa shi suka riƙa yi yau su manta gobe. Wannan ta ce ba ta ga sirinji ba, waccan ta ce ta zaci ɗayar ta yi. Da ta dawo sai ta tarar da wani mutum daban a kan gadon. Ba wanda aka tuhuma. Aka ce kwanansa ne ya ƙare. Ta yarda kwana yana ƙarewa, amma ba ta yarda da lalacin da aka lulluɓe da wannan maganar ba. Tun daga ranar ta ɗauki tsallake allura a matsayin kisan kai, kuma a haka ta yi aikinta har gashinta ya yi fari.

Ta yi faɗa da kowa a kan wannan. Ta yi da 'yan ɗakin magani in sun rufe taga sun tafi cin abinci, ta yi da likitocin da ke rubutu kamar kaza ta bi ta kan takarda, ta yi da ɗaliban jinya har wasu suka riƙa canza hanya in sun hango ta. Amma in ɗan wani babba ya kwanta rai a hannun Allah, gefenta ake roƙo a kai shi. Ba ta taɓa aiki a ɗakin yara ba. Takan ce ita da jarirai sai dai a gaisa daga nesa, don ba ta iya majinyacin da ba zai ce ga inda ke masa ciwo ba.

Da ta yi ritaya unguwa ce ta gaje ta. Mijinta ya riga ya rasu, 'yarta ɗaya tilo, malamar makarantar firamare, tana aure a bayan layinsu. Sista Agogo, wadda yanzu kowa ke kira Gwaggo, ba ta buɗe kemis ba, ba ta kuma yi wa kowa allura a ɗaki ba, amma duk wanda aka rubuta wa magani sai ya biyo ya nuna mata. Kuma kaiconsa in ta ji ya ajiye kafso saboda ya ji sauƙi.

"Wa ya ce ki daina?" ta taɓa tare wata maƙwabciya a bakin famfo.

"Ai na warke, Gwaggo."

"Kin warke a ina? Kin dai yi wa cutar marin wasa kin sake ta. Gobe in ta dawo da 'yan uwanta sai ki zo min da kuka. Maza koma ki shanye, saura ki bar ƙwaya ɗaya ki gani!"

Mutane suna dariya, suna kuma bi. Gaskiya take faɗa, kuma yara da yawa a layin nan sun tashi ne a ƙarƙashin wannan masifar tata.

Abu ɗaya ne ya fi ƙarfin masifarta, shi ne cikin 'yarta. Sau biyu malamar tana ɗauka yana zubewa. Na ukun ya zauna, aka yi ta lallaɓa shi kamar ƙwai, har ya shiga wata na bakwai, sannan wata safiya jini ya ɓalle mata a tsakiyar aji. Aka yi mata aiki aka ciro 'ya mace, bakwaina, wadda da ƙyar ta haura kilo ɗaya. Uwar aka kwantar da ita a wani gini daban, ko juyi ba ta iyawa. Mijin, mai gyaran firji, mutum ne mai sanyin hali, wanda ganin jini kaɗai ke sa shi neman wurin zama. Don haka jinyar jaririya ta faɗo kan kaka.

Ranar farko da ta leƙa kwalbar, wato akwatin gilashin nan mai ɗumi da ake sa bakwaini, sai ta tsaya tana ƙare wa jikarta kallo. Fatar yarinyar ja ce shar-shar, jijiyoyi duk a bayyane, cinyarta ba ta fi babban yatsan kakar ba. Can ta ce, "Ke kuma duk wannan tashin hankalin a kanki aka yi? 'Yar tsirit da ke?" Sunan ya bi ta, kowa ya koma kiranta Tsirit.

Ɗakin jariran dogo ne, mai zafi, kwalabe jere a jikin bango, wasu na aiki, wasu an mai da su wurin ajiye auduga. Na'urori suna ta tsiwa ba mai kula su. Nas ɗaya ce a kan jarirai fiye da yadda hannu biyu za su iya. Magani kuwa dangi ke sayowa, a zuba a leda a rataye a ƙasan kowace kwalba. Babbar likitar yara sau biyu take zagaye a mako, don wasu asibitocin ma ita suke jira. Sauran kwanaki ɗakin yana hannun wani saurayin likita, dogo siriri, mai jajayen idanu saboda rashin barci, wanda kullum yake tafe kamar ana bin sa bashin numfashi.

A kwana na biyu numfashin Tsirit ya canza, cikinta ya kumbura, nonon da ake ɗura mata ta robar hanci ya fara dawowa. Likitan ya ce ƙwayar cuta ce ta shiga jini. Ya kafa mata 'yar robar allura a jijiyar bayan hannu, ya rubuta magani iri biyu. Na farkon Sista Agogo ba ta da ja a kansa. Na biyun ne ya sa ta gyara zaman tabarau. Jentamaisin ne, tsohon abokin aikinta, wanda ta zuƙa a sirinji sau ba adadi. Amma a gabansa an rubuta a yi sau ɗaya, sannan a jira kwana ɗaya da rabi kafin a sake.

Ta tare shi a bakin ƙofa. "Likita, ɗana, don Allah minti ɗaya. Wannan allurar, ina ga hannunka ya zame. Sau uku a rana muke yin ta."

Ko tsayawa bai yi ba. Ya waiwayo yana tafiya da baya, ya yi ɗan murmushin nan da ake yi wa tsofaffi, ya ce, "Mama, zamani ya canza. Haka ake yi yanzu."

"To me ya sa?"

"Ina zuwa, Mama, ana jirana."

Bai zo ba. Ta nufi sistar ɗakin, wadda ita da kanta ta koya mata riƙon sirinji shekarun baya. Waccan tana canza wa wani jariri ledar ruwa, ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Wallahi Mama, mu dai abin da aka rubuta muke bi." Ta gangara ɗakin magani ta sa kai a taga, ta fara bayani, mutumin ciki ya ce, "In ba karɓa za ki yi ba, Hajiya, matsa. Na gaba!"

Mutum uku ta tambaya. Mace ce da ta ba asibitin nan ƙuruciyarta da ƙarfinta da gwiwoyinta, tana tambaya a kan jikar da aka samu bayan ɓari biyu, kuma tambayar mai ma'ana ce, irin wadda ya kamata a ji daɗi an yi. Amsar ba asiri ba ce, duk wanda ya karanci aikin jarirai ya san ta. Amma a gidan nan an ɗauki bayani kamar wata alfarma da ake yi wa masu gata. Mai jinya aikinsa ya sayo, ya riƙe, ya yi shiru. In ya tambayi dalili ya cika shisshigi, in tsoho ne kuma an ce zamani ya wuce shi.

Ta dawo ta zauna a kan kujerar roba kusa da kwalbar, ta cika ta yi fam. A kwalbar da ke gefe akwai wani ƙaton yaro da aka haifa da cikakken wata, mai kumatu da kukan da ke cika ɗaki. Ta leƙa ledarsa, maganinsu ɗaya. Ta zuba ido, sai ta ga shi kullum ake yi masa. To ina dalili? Mai ƙarfi a ba shi kullum, wadda ke tsakanin rai da mutuwa a ce ta jira har jibi? Tun da aka yi allurar farko, rana ta fito ta faɗi ba wanda ya sake taɓa 'yan gilasan jentamaisin da ke ledar Tsirit. Duk shigar nas sai ta miƙe ta zaci yanzu ne, sai nas ta wuce. Tana kallon ƙirjin jikarta yana sama yana ƙasa, tana ganin direban nan da gadonsa da aka canza wa zani. A saninta, kuma saninta ba na wasa ba ne, duk awar da jini ya zauna ba magani, ƙwayar cuta ce ke hayayyafa.

Da lokacin allura ta biyu ya zo, nas ɗin da ke aiki tana fama da wasu tagwaye da aka shigo da su a sheme. Ta ɗago ta hango ta, ta ce, "Yauwa Mama, don girman Allah taimaka ki yi wa jikarki. Ke ai uwarmu ce a aikin nan, kin fi mu hannu."

Sista Agogo ta wanke hannu har gwiwar hannu. Ta fasa gilashin, ta sirka maganin da ruwan allura daidai yadda aka rubuta, ta ɗaga sirinji saitin haske ta auna ɗan ɗigon da aka ce, ba ƙari ba ragi. Ta tura shi a hankali ta robar hannun yarinyar. Rabon da ta ji ta a cikin hayyacinta irin haka tun ranar da aka ce 'yarta na zubar da jini. Ta dubi ledar, magani ga shi nan birjik, gilashi ɗaya ma ya ishi jarirai da yawa. Nan take ta yanke shawara. Yawan da likita ya rubuta ba za ta taɓa shi ba, wannan lissafinsa ne. Amma giɓin da ya bari, wannan kuskure ne, kuma ba a kan jikarta za a koyi aiki ba.

Ba ta ɓoye ba, kada wani ya ce ta ɓoye. A gaban kowa take yi, da farantinta da audugarta. Nas ɗin safe ta gan ta da sirinji ta ce, "Sannu da ƙoƙari, Mama," don ta zaci lokacin ne ya yi. Ta rana ta gan ta, ita ma ta zaci haka. Wadda ta karɓe ta ma haka. Kowace tana murna an rage mata aiki, ba wadda ta tambayi 'yar uwarta. Da maganin ya tasam ma ƙarewa, don kowace allura sai ta fasa sabon gilashi, surukin ya je kemis ɗin bakin asibiti aka ƙaro masa ba tambaya. Saurayin likitan kuma kullum sai ya zo ya ɗora abin sauraron ƙirji, ya ce "Da sauƙi," ya wuce.

Kuma da sauƙin, abin da ya ƙara ɗaure ta ke nan. Cikin ya saɓe, numfashin ya daidaita, nono ya fara zama. Ta tafi ɗakin da 'yarta take kwance tana tafiya irin ta da.

"Inna, yaya take?" malamar ta tambaya tana ƙoƙarin tashi.

"Kwanta abinki. Ƙawata ta fi ki ƙarfi. Yau har harara ta ta yi."

"Suna dai kula da ita ko?"

"Su wa? Waɗannan yaran? Ni ke kula da ita. Muddin ina tsaye, ko allura ɗaya ba za a tsallake mata ba."

Malamar ta kamo hannun uwarta ta ɗora a kumatunta. "Allah ya bar mana ke, Inna."

Bayan 'yan kwanaki, ita ce dai ta fara lura. Ta buɗe nafkin ta gan shi a bushe. Ta sake dubawa da rana, ɗan danshi kaɗan. Fatar idon yarinyar ta kumbura, ƙafafun sun ɗan tasa. Ta gaya wa nas, nas ta ce za ta gaya wa likita. Allah ya sa ranar zagayen babbar likita ce, wata dattijuwa mai sanyin murya, wadda ba ta taɓa yaro sai ta ɗumama tafin hannunta. Ta danna ƙafar Tsirit, gurbin yatsanta ya zauna. Ta juya ga saurayin.

"Jentamaisin ɗin, yaushe aka yi na ƙarshe?"

Ya fara lalube a folda. Nas ta dubi ƙasa. Sista Agogo ta ga ranar da take jira ta zo, ranar da za a san wanda ya riƙe ɗakin nan. Ta miƙe ta gyara mayafi.

"Ɗazu da safe, ranki ya daɗe, ni na yi. Ba don ina nan ba da yarinyar nan ta daɗe da tafiya. An rubuta mata wai sai bayan kwana ɗaya da rabi, na yi magana aka ce zamani ya canza. To ni ban bari ba. Sau uku kullum, a kan lokaci, ko ɗaya ba ta rasa ba."

Babbar likita ta dube ta. Ba ta ɗaga murya ba. Ta sa aka cire ledar maganin, ta ce a ɗebi jini a kai gwajin ƙoda yanzu-yanzu, sannan ta jawo kujera ta ce, "Yaya, zauna."

Ta zauna.

"Bakwaini ba ƙaramin babba ba ne," in ji likitar. "Jikinsa kusan duk ruwa ne, shi ya sa in aka auna da nauyinsa, abin da ake ba shi a tashi ɗaya yake da ɗan yawa, don ya isa ya kashe cutar. Amma ƙodar da za ta fitar da shi ba ta gama ƙosawa ba. Abin da ƙodar babban mutum za ta tace cikin 'yan awowi, tata sai ta wuni ta kwana ba ta gama ba. Wancan yaron na gefe ya cika watanninsa, ƙodarsa ta fi tata aiki, shi ya sa ake masa kullum. Jiran nan da kika gani ba mantuwa ba ce. Maganin yana nan a jininta yana aiki. In aka ƙara kafin na farko ya fita, taruwa yake yi."

"In ya taru fa?" Muryar da ta fito ba irin ta Sista Agogo ba ce.

"Wuri biyu yake ci, ƙoda da cikin kunne. Ƙoda takan farfaɗo in an tsayar da wuri, kuma ina sa rai. Kunne kuwa, abin da ya lalace ba ya dawowa. Ba kowane yaro yake samu ba. Sai dai mu jira mu gani."

Duk bayanin bai kai tsawon shan kofin ruwa ba. Sista Agogo ta fahimce shi tun kafin a kai ƙarshe, don ba daƙiƙiya ba ce, ba ta taɓa zama daƙiƙiya ba. Da an faɗa mata rabin wannan a bakin ƙofa ranar da ta tambaya, da ita ce za ta tsaya gadin agogo kada wani ya kuskura ya matso da allurar kusa. Ta buɗe baki, abin da ya fito kawai shi ne, "Na tambaya. Wallahi na tambaya."

"Wa kika tambaya?"

Ta ɗago ta dubi saurayin. Yana ta karatun folda kamar yau ya fara ganinta.

Kafin la'asar labari ya gama asibiti, kuma ya gama shi da ƙafa ɗaya. Wai wata tsohuwa mai shisshigi ta kusa kashe jikarta. Nas ɗin da ta ce mata "kin fi mu hannu" ta rantse sau ɗaya ta roƙe ta, sauran ba da saninta ba. Sauran kuwa suka ce su ba su ga komai ba, su da suke mata sannu da ƙoƙari. Likitan ya ce shi ya rubuta daidai, kuma gaskiya ne, daidai ya rubuta. Aka manna sanarwa a ƙofa cewa an hana dangi taɓa magani, aka sa mai gadi, shi ke nan an gyara matsala. Ba wanda ya ce daga yau in mai jinya ya tambayi dalili a tsaya a amsa masa. Ba wanda ya tambayi yadda aka yi mace ɗaya take riƙe da ɗaki guda har take roƙon 'yan dubiya su yi mata aiki. Laifi dai aka tattara aka ɗora wa wadda ta fi sauƙin ɗorawa.

Ita kuwa ba ta kare kanta ba, don ta san nata kason, kuma ta san ba ƙarami ba ne. An ƙi amsa mata, gaskiya ne, amma ita ma ta ɗauka abin da ba ta sani ba babu shi. Matar da ta yi rayuwarta tana yi wa mutane faɗa a kan bin ƙa'idar magani, ita ce ta karya ta da hannunta, da alfahari kuma. Ta koma zama a kan bencin waje, inda take hango kwalbar ta gilashin ƙofa. Surukin yana gaishe ta kamar kullum, sai dai ba ya haɗa ido da ita. Malamar, da aka gaya mata, ta juya fuska bango. Ba ta zagi uwarta ba, ba ta kuma ce mata "ba komai" ba.

Fitsari ya dawo. Kumburin ya sauka. Tsirit ta fara kama nono da bakinta, ta yi 'yan kumatu, aka sallame su. Babbar likita ta ce a yi gwajin ji kafin su tafi, sai aka tarar na'urar ta lalace tun bara, ana jiran a kawo wani ƙarfe daga wani wuri. Aka ce su dawo. Suka dawo, aka ce su sake dawowa.

Malamar ta tare a gidan uwarta don ta samu mai taimaka mata, kuma a nan yarinyar ta yi watanninta. Maƙwabta ba su daina kawo maganinsu ba, amma yanzu Gwaggo ba ta karɓa. "Ku koma wurin wanda ya rubuta," take cewa. "Ku tambaye shi me ya sa. In ya ce yana sauri ku riƙe masa riga. Kada ku tashi sai ya faɗa muku."

Ta san yadda ake gane ko jariri yana ji. Kowa ya sani, tafi ɗaya ne a bayan kai. Ba ta yi ba. Kullum ta gaba take zuwar wa yarinyar, ta sunkuya sai sun haɗa ido sannan ta ce, "Tsirit, ƙawata, kin tashi?" Yarinyar ta wage baki tana dariya, tana harba ƙafa, kakar ta ce a ranta, ai ga shi ta amsa. Uwar ma haka take yi, uban ma haka. Ba wanda ya shirya da wani, amma gidan gaba ɗaya ya koyi rufe ƙofa a hankali da ajiye kwano ba ƙara. In wata baƙuwa ta ce, "Yarinyar nan akwai haƙuri, ko hayaniya ba ta tashe ta," sai a yi maza a kawo wata hira.

Ranar da abin ya faru Tsirit ta iya zama. An shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida, ta ba ƙofa baya, tana ƙoƙarin cusa murfin roba a baki. Wata maƙwabciya ta shigo da ɗanta a goye, ta bar ƙofar ƙarfen a buɗe. Hadari ya haɗo, iska ta taso, ta ɗauki ƙofar ta maka da bango da wata irin ƙara da ta sa malamar ta saki kofin da ke hannunta. Yaron da ke goye ya tsandara ihu. Kajin maƙwabta suka watse a bayan katanga.

Tsirit tana nan zaune da murfinta. Ko kafaɗarta ba ta motsa ba.

Sista Agogo ta sauko daga kan kujera ta rarrafa, da gwiwoyin nan nata masu ciwo, har ta zo daf da bayan yarinyar. Wannan karon ba ta zagaya ta gaba ba.

"Tsirit," ta ce a hankali.

Yarinyar ta juya murfin ta sake kai shi baki.

"Tsirit. Ƙawata." Ta ɗaga murya. Ta tafa hannu a saitin kunnen dama, ta tafa a na hagu. "Tsirit! Ke Tsirit!" Muryar da ta yi shekaru tana juya manyan maza a kan gado ta cika gidan, ta fita har layi, tana kira tana ƙarawa, har ta fara dishewa.

Malamar ta zo ta durƙusa ta ɗauki 'yarta. Yarinyar ta ga fuskar uwarta ta yi dariya, ta miƙa mata murfin. Malamar ta rungume ta, sannan ta dubi uwarta da ke durƙushe a kan tabarma, baki buɗe, tana shirin sake kira.

"Inna, ya isa," ta ce. "Ba ta jin ki."